Kawu na turowa, Mma na kuka, ni kuma barci ya ƙaurace mini

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, ina zaune da mahaifiyata a Aboabo, nan Kumasi, kuma ina da ɗan kiyos na MoMo, wato tura kuɗi da karɓa ta waya, a bakin titi. Yayana direban babbar mota ne, yana ɗauko tumatir da albasa daga Burkina Faso ta Paga. Duk ranar da ya kama hanya, ni da waya sai asuba. In fita daga Facebook in faɗa TikTok, in bi guruf-guruf na WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, ina duba ko wani abu ya faru a hanyar arewa. Muna da guruf na dangi, mun kai mu sittin, kuma Kawu, yayan Mma, shi ne mai turo labarai kullum. Watan jiya ya turo saƙon murya wai an tare motocin kaya bayan Walewale an kashe direbobi, haɗe da bidiyon mota tana ci da wuta. Ni da hannuna na kunna wa Mma. Muka yi ta kiran Yaya, waya ba ta shiga. Jininta ya hau, a asibiti muka kwana. Da gari ya waye sai ga kiran Yaya, ashe caji ne ya ƙare masa, bidiyon kuma tsoho ne, ba ma a Ghana aka ɗauke shi ba. Cikin ɓacin rai na rubuta a guruf cewa Kawu ya daina turo mana ƙarya. Yanzu ya ɗauki fushi, ya ce na ci masa mutunci a gaban 'ya'yansa da surukansa, Mma kuma ta ce lallai in je in ba shi haƙuri. Ni kaina ban daina ba. Makon jiya ina cikin kallon bidiyo na tura sidi 400 a lambar da ba ita mai kuɗin ya ba ni ba, daga aljihuna na biya. Anti, in fita daga guruf ɗin ne? In ɓoye wayar Mma? Kuma wai ni ce mai laifi don na faɗi gaskiya?

Wata 'yar Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya ƙara wa Mma lafiya, ya tsare Yaya a tafiya da dawowa.

Kada ki bari kowa ya ce miki tsoron banza kike yi. Rikicin sarautar Bawku, can arewacin Ghana, ya daɗe yana cin rayuka, har ta kai sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya zaunar da ɓangarorin a fadar Manhyia don neman sulhu, kuma an taɓa tare matafiya a kashe su a hanyar Walewale zuwa Bolga. Can tsallaken Paga ma kowa ya san halin da Burkina Faso take ciki. Wanda ɗan'uwansa ke bin wannan hanya da mota cike da kaya, dole zuciyarsa ta riƙa bugawa. Amma ina so ki zauna ki ƙirga dararen da kika raba kina murza waya, ki gaya mini ko akwai dare ɗaya da abin da kika gani ya amfani Yaya da wani abu. Abin da kike nema da ƙarfe biyun dare magana ɗaya ce tak: Yaya yana lafiya. Wannan maganar kuwa a bakin Yaya take, ko a bakin yaron motarsa. TikTok bai san Yaya ba, bai san lambar motarsa ba, bai ma san yau ya tashi ko jibi ba.

Abin da TikTok ya sani shi ne ke. Yana auna daƙiƙa nawa kika tsaya a kan kowane bidiyo, wanne kika maimaita, wanne kika wuce da sauri. Da zarar kin tsaya kin kalli mota tana ƙonewa har ƙarshe, ya gane abin da ke riƙe ki, sai ya jero miki goma irinta, wata daga Mali, wata daga Sudan, wata tun shekara biyar da suka wuce, ba tare da ya damu da ya gaya miki ba. Kin san 'yan kasuwar Kejetia, in kika kuskura kika kalli atamfa sau biyu, mai ita zai biyo ki har bakin tasha. To shi ɗan kasuwa yakan gaji ya rufe shago ya tafi gida, wannan kuwa ba ya tashi, kuma ribarsa tana cikin daɗewar idonki a kansa. Saboda haka daina zargin kanki da rashin ƙarfin zuciya. An gina abin ne don ya fi ƙarfin mai cewa bari in ɗan duba in ajiye.

Da Yaya za ki fara, kafin Kawu, kafin kowa. Duk wannan tashin hankalin daga mutuwar batiri ya samo asali. Ki saya masa fawabank mai kyau da igiyar caji ta mota, kuɗinsu bai kai abin da kika yi asara a kiyos ba. Sannan ku yi magana ta fahimta, ku ukun da Mma: zai kira ko ya aiko da saƙon murya idan ya isa Techiman, idan ya isa Tamale, da kuma a Paga kafin ya tsallaka. Ya gaya wa Mma da bakinsa cewa in ya shiga Burkina layin Ghana yakan ƙi shiga, don kada shirun ya zama mata alamar mutuwa. Ki karɓi lambar yaron motarsa, da ta mai motar, da ta direba ɗaya ko biyu da suke yawan tafiya tare, ki rubuta su a takarda ki manna a bango kusa da gadon Mma. Duk ranar da wani labari ya shigo kuma wayarsa ta ƙi shiga, kin san wa za ki kira na biyu da na uku, maimakon ki koma guruf kina tambayar mutanen da su ma a Kumasi suke kwance. Kuma ki roƙe shi ya riƙa turo wa Mma 'yar murya ta raha, yana zaune a Kintampo yana cin tuwo yana ƙorafin miyar ba ta kai tata ba. Uwa in ta ji wannan da yamma, muryar baƙo da ta shigo da dare ba za ta kama ta kamar da ba.

Sai ke da wayarki. Ni na tashi a gidan da mahaifinmu ke kunna rediyo da sassafe ya saurari Sashen Hausa na BBC, in an gama ya murɗe ya rataye, ya shiga harkarsa, sai kuma da dare. Ban taɓa ganin wani abin duniya ya wuce shi ba. Labarai a lokacin suna da farko suna da ƙarshe, kamar cin abinci. Ki mayar wa kanki da wannan. Ki zaɓi lokaci biyu a rana, misali da safe bayan kin buɗe kiyos kafin mutane su taru, da kuma bayan magariba, kowanne kamar minti goma sha biyar. Ki zaɓi kafa ɗaya ko biyu masu suna da ofis, irin su Zuria FM a nan garinku, ko labaran Hausa na GBC, ko BBC ɗin. Ba waliyyai ba ne, su ma sukan yi kuskure, wasu gidajen rediyon ma kowa ya san inda suka karkata a siyasa. Amma in sun yi ƙarya akwai ƙofar da za a je a buga. Mai saƙon muryar Walewale fa, a ina za ki same shi ki tambaye shi kuɗin asibitin Mma?

Na san za ki ce ba za ki iya kashe waya da dare ba tunda Yaya zai iya kira. Ba sai kin kashe ta ba. Data kawai za ki kashe bayan isha'i, layi yana nan a buɗe, kira zai shigo. Ki ajiye ta inda sai kin tashi tsaye za ki ɗauko, ba ƙarƙashin matashi ba. Kwana uku na farko hannunki zai riƙa laluben ta cikin duhu, za ki ji kamar ana wani abu a duniya an bar ki a baya. Ki daure, yana raguwa. A kiyos kuma shawarata ki raba sana'a da kallo: ki sa layin aiki a 'yar ƙaramar waya mai madannai, wadda a nan ake ce wa yam, babbar ta zauna cikin jaka har sai babu kowa a gabanki. Kuma kowane kuɗi za ki tura, ki karanta sunan da ya fito da ƙarfi mai kuɗin ya amsa kafin ki sa lambar sirri. 'Yan damfara ma irin wannan rabuwar hankalin suke jira.

Yanzu ga yadda za ki riƙa auna saƙo in ya shigo a lokacin da kika ware. Ki saurari muryar da kunnen 'yar kasuwa. Mai maganar ya faɗi sunansa? Ya faɗi rana da wata, ko cewa ya yi "yanzu-yanzun nan", kalmar da ba ta tsufa ko an shekara ana tura ta? Ya ce da idonsa ya gani, ko wani ne ya gaya wa wani? In kuma ya rufe da haɗa ki da Allah ki tura wa kowa kada ya tsaya a wayarki, to ki ƙara shakka, don mai gaskiya ba kasafai yake buƙatar rantsar da mutane ba. Ki duba saman saƙon, in kin ga 'yan kibiyoyi biyu, WhatsApp ne ke gaya miki cewa ya bi ta hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ki. Ba don ado suka sa alamar ba. Bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutane a Indiya a 2018, kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya faɗaɗa dokar zuwa duk duniya a farkon 2019, sannan a 2020, lokacin korona, ya ce irin wannan saƙon mai kibiya biyu sai dai a tura shi wuri ɗaya-ɗaya. Masu abin da kansu sun san ɓarnar da yake yi. Mu ma yankinmu mun ɗanɗana: a Agustan 2014, lokacin Ebola, cikin dare aka riƙa tashin mutane a Najeriya da waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka rasa rayuka, wasu da dama suka kwanta asibiti. Kowa daga wurin masoyinsa ya samu saƙon, kuma masu hawan jini irin Mma ne gishirin ya fi yi wa illa.

Bidiyo ya fi wuya, don mun taso da cewa gani ya kori ji. Wannan karin maganar ta fara tsufa. Kin dai ga bidiyoyin da suka cika wayoyin samarin Zongo a 2025, na manyan mawaƙan Amurka suna rera yabon Ibrahim Traoré na Burkina Faso, alhali da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa muryar da fuskar. Mafi yawan abin da ke zuwa gurufinku ma bai kai nan ba, tsohon bidiyo ne na gaske aka ɗora masa sabon labari. Ki tsayar da shi ki duba lambar motar, motocin haya da na kaya a Ghana lambarsu rawaya ce. Ki kasa kunne ki ji yaren da mutanen gefe ke yi. In kina so ki ƙara, ki ɗauki hoton fuskar wayar ki sa a Google Lens, sau da yawa zai nuna miki inda hoton ya taɓa fitowa. Akwai kuma masu aikin tantance labarai, GhanaFact da Dubawa, su Dubawa ma sunansu Hausa ne tsantsa, a Najeriya suka fara a 2018 kafin su buɗe reshe a Ghana. Amma mafi sauƙi duka shi ne jira. In da gaske an kashe direbobi a babbar hanyar Tamale, ba za a yi awa biyu gidajen rediyon Accra da Kumasi ba su ɗauka ba, rundunar 'yan sanda ma takan fitar da sanarwa a shafinta. Haƙurin awa biyun nan da wayar a aljihu da ya hana ku kwanan asibiti.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, ko labarin gaskiya ne ba dole ki kalle shi ba. Ranar 6 ga Agusta 2025 da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a yankin Adansi, mutum takwas suka rasu, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Mohammed, ba ƙarya aka yi ba. Amma bidiyon wurin da aka riƙa yawo da shi bai ƙara wa kowa sanin komai ba, sai dai ya ƙara wa iyalansu ciwo, ya bar wa masu kallo abin da za su riƙa gani in sun rufe ido. Jin an rasu ya isa a yi addu'a. Ki shiga saitin WhatsApp ki hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, sai wanda kika zaɓa. Datarki ma za ta huta.

To, Kawu. Kin tambaye ni ko ke ce mai laifi, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Abin da kika faɗa daidai ne, inda kika faɗe shi ne ba daidai ba. Guruf mai mutum sittin tsakar gida ce ranar suna, da surukai da jikoki duk suna zaune. Kuma kalmar ƙarya tana da nauyi, domin maƙaryaci shi ne wanda ya san gaskiya ya ɓoye. Kawunki bai ƙirƙiri saƙon ba, ya ji ne ya firgita saboda ɗan ƙanwarsa yana kan wannan hanyar, ya tura don a ankara. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ƙanwata: ke ma haka kika yi. Kin ji, kin gaskata, kin kunna wa Mma. Tsakaninki da shi taki ɗaya ne. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba, na san kin riga kin hukunta kanki a kan bencin asibiti. Na faɗa ne don ki je wurinsa a matsayin wadda aka yaudara tare da shi. Ina kuma kyautata zaton cewa rabin fushin nan nasa kunya ce. Dattijo ya kwana da sanin cewa saƙonsa ne ya kwantar da ƙanwarsa, da safe kuma 'yar ƙanwarsa ta tona shi a bainar jama'a. Fushi ya fi masa sauƙin nunawa.

Ki bi maganar Mma ki je, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki tafi da ɗan goro, ki zaɓi lokacin da babu taro, in da hali Mma ko wata gwaggo da yake jin nauyinta ta raka ki. Ki ce masa: "Kawu, na yi kuskure da na yi maka magana a gaban mutane, tsoron rasa Mma ne ya rufe mini ido, ka yafe mini." Iya nan, kada ki ƙara da "amma". Sai ya huce, an sha ruwa an taɓa hira, sannan ki kawo roƙonki a matsayin neman taimako: likita ya ce a kiyaye Mma daga firgici, don haka duk abin da ya ji game da hanyar arewa, ya kira ki ke kaɗai tukuna, ko ya kira Yaya, ku tabbatar kafin ya shiga guruf. Ki ba shi lambobin nan na yaron mota da mai mota. Mutumin da ya saba shi ne mai kawo wa dangi labari ba zai yarda a ce ya yi shiru ba, amma zai ji daɗi a ce shi ne mai tabbatarwa. Ayar Suratul Hujurat da ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, da hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, ya fi ki sanin su, kada ki karanta masa. In kina ganin ana buƙatar tunatarwa, ki sa wani babba ya roƙi limamin unguwa ya taɓo batun a wa'azi ba tare da kama suna ba. Haka nan sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960, wanda ya haramta yaɗa labarin ƙarya mai tayar da hankalin jama'a, yana nan kuma an kama mutane da shi, amma ba abin da za ki ɗaga wa kawunki ba ne.

Yana iya karɓar haƙurin ya ci gaba da turowa, tsohon hali ba ya fita rana ɗaya. In haka ta faru, kada ki fita daga guruf ɗin. Ko da yake yanzu masu kula da guruf kaɗai WhatsApp ke sanar wa in mutum ya fita, dangi za su lura kafin la'asar, kuma za a ce gaba kike yi. Ga shi nan ake sanar da biki da suna da rasuwa. Ki kashe ƙararsa kawai, ki tura shi ma'ajiya, ki leƙa sau ɗaya a rana. Ku buɗe wani ɗan ƙarami na 'yan ɗakinku, ke da Mma da Yaya, inda babu abin da ke shiga sai naku.

Wayar Mma kuwa kada ki ɓoye. Uwa ce, ba yarinya ba, kuma ranar da ta gane za ta daina yarda da duk abin da kika gaya mata game da Yaya, ta ɗauka ɓoye mata kike yi. Ko babu waya, maƙwabciya za ta shigo da labarin da ƙarin gishiri. Ki zauna kusa da ita ki nemi izininta ki kashe ƙarar gurufin ki hana bidiyo sauka, ki nuna mata abin da kika taɓa. Ku yi alkawari, ke da ita, cewa babu wadda za ta kunna wa 'yar'uwarta wani saƙo game da hanya sai an nemi Yaya ko yaronsa. Ki kuma sa ido a kan wani nau'in saƙon da ya fi wannan haɗari gare ta, na masu cewa a jiƙa kaza da kaza a sha hawan jini ya tafi har abada. Kada ta ajiye maganin asibiti saboda murya, duk abin da take so ta gwada a tambayi likitanta tukuna.

Ke ma ki kula da kanki. In an yi wata guda da wannan tsarin, Yaya ma yana gida kwance, amma har yanzu barci ba ya zuwa, ƙirjinki na bugawa, hankalinki ba ya tsayawa a kan lissafi, ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini. Ba raunin imani ba ne, kuma ana samun sauƙi. Fawabank ɗin dai ki saya kafin tafiyarsa ta gaba, ziyarar Kawu kuma kada ta wuce Juma'ar nan, don irin wannan fushin in ya kwana da yawa sai ya tara masu zuga shi. Ki rubuto mini yadda kuka yi, ki gaishe mini da Mma.